RIƊINMU A KASUWANNIN DUNIYA

Darasinmu na wannan wata a kan riɗi ne. Kowa ya san riɗi. Muna yin kantu da shi, muna miya, muna tatsar mai. Amma tsaya ka tambayi kanka. Duk buhunan riɗin nan da ake lodawa a manyan motoci ranar kasuwa, ina suke zuwa? Wane gari ne zai cinye wannan kantu haka?

Amsa ita ce, yawancinsa ba a ƙasar nan ake cinsa ba. Ƙetare yake tafiya. Japan tana saye. Turkiyya tana saye. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa sayen riɗi daga waje, ita ma tana saye. Mutanen Japan da na Sin suna tatsar mansa, suna kuma barbaɗa shi a kan abinci. Mutanen Turkiyya suna niƙa shi ya yi laushi kamar tunkuzar da ba a matse ba, suna yin alewa da shi, suna kuma yaɓa shi a jikin burodi. Abin da ya sa ake sonsa shi ne mai. Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne.

Jihohin Jigawa, Nasarawa, Binuwai, Yobe, Kano, Katsina, Bauchi da Gombe duk suna noma shi. Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna nomawa suna fitarwa.

Wannan ba shi ne karo na farko da amfanin gonarmu ya ƙetare teku ba. Dattawa suna tuna zamanin gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta fara gangarawa Legas a jirgin ƙasa zuwa Turai. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi suna a wannan ciniki, har aka riƙa tara buhuna ana yin dala da su. Sai ga fari a 1973, sai ga cutar gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin fetur ya ɗauke hankalin hukuma. Dalar gyaɗa ta ɓace. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin da ke sayen amfanin gona suna yanka masa farashi. Tun daga nan, 'yan kasuwa da kamfanoni ne ke saye su fitar, kowa da cinikinsa.

TAFIYAR BUHU ƊAYA

Bari mu bi buhu ɗaya mu ga inda zai kai mu. Manomi ya kai riɗinsa kasuwar ƙauye. Ɗan awo ya saya da mudu ko tiya. Shi kuma ya tara ya sayar wa wakilin wani babban ɗan kasuwa. Daga nan sai mota ta kai shi babbar kasuwa, irin ta Maigatari a Jigawa, ko ta Dawanau da ke Dawakin Tofa kusa da Kano. An kafa kasuwar Dawanau a 1985, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma.

A can ne aiki yake canzawa. Ba a maganar mudu kuma, sai sikeli. Ana zuba riɗin a inji ya fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi. A sake ɗura shi a sababbin buhuna, sau da yawa masu kilo 50. A jera su cikin babban akwatin ƙarfe da ake kira kwantena. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin tan 19, tan ɗaya kuwa kilo 1,000 ne. Tirela ta ja ta zuwa tashar jiragen ruwa a Legas. Daga nan sai makonni a kan teku.

Yanzu akwai tashoshin tudu a Arewa, inda za a iya duba kaya a rufe kwantena tun daga nan. An buɗe ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano kuma a 2023.

Ka lura da hannuwan da buhun nan ya bi. Kowane hannu da ribarsa. Kuma kowannensu yana rage wa na ƙasa da shi kuɗi saboda dattin da yake tsammanin zai tarar.

ABIN DA MAI SAYE YAKE DUBAWA

Nan ne zuciyar darasin, saboda haka mu yi a hankali.

Mutumin da ke Japan bai san ka ba. Bai san sunan ƙauyenku ba. Abin da ya sani shi ne abin da na'urarsa ta gaya masa. Idan kaya suka iso, sai a ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji.

Da farko ana duba datti. Masu saye sukan nemi a ce cikin kilo 100, datti bai wuce kilo 1 ko 2 ba. To, akwai wasu daga cikinmu, mu faɗi gaskiya, da ke zuba farin yashi a cikin riɗi don ya cika mudu. Suna ganin wayo suka yi. Amma inji ba ya cin hanci. Zai fitar da yashin nan tas, a auna shi. Ɗan kasuwar da aka cuta bana, baɗi sai ya karya farashin kasuwar garin gaba ɗaya, mai gaskiya da marar gaskiya. Ka ga mutum ɗaya ya ja wa gari.

Sai danshi. Riɗin da bai bushe sosai ba, idan ya yi makonni a rufe cikin akwatin ƙarfe a kan ruwa, fumfuna yake yi, mansa ya yi ɗaci. Wata fumfunar tana haifar da guba mai lalata hanta, ko da ido bai gan ta ba.

Akwai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba. Idan aka kakkaɓe riɗi a ƙasa tsirara, inda kaji da awaki da ɓeraye ke yawo, kashinsu yana barin wata ƙwayar cuta mai suna salmonela. Tana sa gudawa da zazzaɓi. Inji yana fitar da tsakuwa, amma ba ya fitar da ita. Saboda ita ne ƙasashen Tarayyar Turai suka tsaurara binciken riɗin da ya fito daga Nijeriya. Wanda aka samu da ita ba ya shiga.

Na ƙarshe, kuma mafi haɗari ga kasuwa, shi ne maganin ƙwari. Ga abin da ya faru da wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta. Dalili kuwa, an yi ta samun maganin nan da muke kira fiya-fiya a jikinsa, fiye da ƙima nesa ba kusa ba. Masu ajiya ne ke zuba shi a buhu don kada wake ya yi ƙwari. A 2016 aka ƙara wa haramcin shekara uku, bayan nan ma aka sake ƙarawa. Ba a ware wanda ya zuba da wanda bai zuba ba. Sunan ƙasa aka rubuta. Ni dai abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne, waken da Turawa suka ƙi saboda guba, irinsa ne ake dafa wa 'ya'yanmu. Japan ma tana da tsanani ƙwarai a kan sauran magani a jikin abinci. Abin da ya sami wake zai iya samun riɗi.

TO, YAYA ZA A YI?

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Riɗi yakan nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba, yanke shi kafin kwanson ya fashe a gona. Ɗaure shi dami-dami, ka jingina su a tsaye, kai sama, su sha rana kamar mako biyu. Ranar kakkaɓa, shimfiɗa tamfol mai tsabta. Idan babu, a haɗa kuɗi a saya, ko a ɗinke wankakkun buhuna. A kore dabbobi. A sheƙe, a rairaye, a ƙara shanyawa a kan tamfol ɗin. Mata su ne gwanayen wannan aiki, kuma hannunsu ne ke fitar da riɗi mai daraja.

Kada ka zuba shi a buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko magani. Kada ka haɗa fari da ja, domin farin da ba gauraye ya fi kuɗi. A ɗaki, ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Kada ka zuba masa fiya-fiya ko kaɗan. In a gona ƙwari suka dame ka, nemi malamin gona ya gaya maka maganin da ya dace da ranar da za ka daina fesawa kafin yanka. Don ajiyar wake kuwa, akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

FARASHI DA ƘUNGIYA

Wani zai ce, me ya sa bara riɗi ya yi tsada, bana ya faɗi? Ba koyaushe ne laifin ɗan awo ba. Da dalar Amurka ake cinikinsa a waje, saboda haka hawa da saukar dala suna taɓa kuɗinsa a kasuwarku. Kuma ba mu kaɗai muke nomawa ba. Sudan, Indiya, Tanzaniya, Habasha da Burazil duk suna kai nasu. Idan suka samu damina mai kyau, kaya su yi yawa, farashi ya sauka. Don haka shawarata ita ce kada ka ba riɗi gonarka duka. Rumbu ya fara cika da gero da dawa tukuna.

Manomi ɗaya ba zai cika kwantena ba. Amma mutum 40, kowa da buhu 10, sun tara buhu 400. Masu wannan yawa ba sa jiran ɗan awo. Suna iya ɗaukar mota su kai wa babban mai saye kai tsaye, a auna a sikeli a gaban idonsu. Sharaɗin shi ne kayan kowa su zama masu tsabta iri ɗaya, kuma a samu wanda zai karanta sikeli ya rubuta nauyin kowa a littafi.

Ƙungiyar da ta yi ƙarfi har tana son fitarwa da kanta, akwai takardu. Za ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Za ta karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, wadda aka kafa a 1976 don bunƙasa wannan ciniki. Za ta cike fom ɗin NXP ta hannun banki. Hukumar NAQS kuma ta duba kayan ta ba da takardar lafiyarsu. Wannan mataki ne na gaba, ba na gaggawa ba. Kuma a yi hattara da masu bugo waya su ce suna da mai saye a ƙetare, a turo kuɗin rajista. Kada kuɗi ko kaya su fita sai da yarjejeniya a rubuce da shaidu.

Hanyar da riɗi ke bi, ita zoɓo ke bi zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar mu. Ita ƙaro da citta ke bi. Za mu ɗauke su a wani darasin, in Allah ya yarda.

AIKIN AJI

Kwantena ta ɗauki tan 19. Buhu nawa ke nan masu kilo 50? Idan a kowane buhu aka samu yashi kilo 3, kilo nawa inji zai fitar daga kwantenar duka? Ku yi lissafin a littafinku, ku nuna wa malaminku. Sannan kowa ya rubuta layi uku a kan inda ake kakkaɓe riɗi a ƙauyensu, da abin da ake shimfiɗawa.