Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana Kullum Jininsa Ƙasa Yake

Wata baiwar Allah daga Ajingi ta rubuto tana cewa ɗanta mai shekara biyu an ƙara masa jini sau biyu, hannuwansa da ƙafafunsa na kumbura, idanunsa sun yi rawaya. Tana tambaya ko shafar iska ce.

Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Alamun nan sun fi kama da amosanin jini, wato sikila, amma gwaji ne kaɗai zai tabbatar, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jiki su ma suna ƙarar da jini. Ki kai shi babban asibitin Gaya a yi masa gwajin sikila.

Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 20. Takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Ciwon sikila gado ne daga uwa da uba duka, ba laifinki ba ne ke kaɗai, kada kowa ya ɗora miki. Saboda haka ne jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Yaron ya riƙa shan ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, a lulluɓe shi lokacin hunturu. Don Allah kada a yi masa tsaga. Da zarar jikinsa ya yi zafi, a garzaya asibiti. Ki kuma tambayi likita maganin hydroxyurea, ana ba da shi a Asibitin Malam Aminu Kano.