Birekar da Ke Yawan Faɗuwa Magana Take Yi Maka

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce aka kira ni wani gida a Abuja, wai robot ɗin da ke share musu kwamin ninkaya ya tsaya, in zo in duba. Wanda ya kira ni bai ce mini komai ba bayan wannan. Sai da na shiga gidan mai gadi ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce, "Injiniya, ai yaron da ke kula da ruwan wuta ta ja shi jiya. Yana asibiti."

Na san yaron, don na taɓa aiki a maƙwabtansu. Bai fi shekara ashirin ba. An ɗauke shi ne ya riƙa ba furanni ruwa, daga baya aka ɗora masa kula da kwami ba tare da kowa ya zaunar da shi ya koya masa ba.

Ga abin da na tarar. Ɗan mai gidan ne ya sayo robot ɗin a Amurka, akwatin wutarsa na bolt 120 ne, mu kuma namu 230. Maimakon a nemo akwatin da ya dace da wutarmu, sai aka kira wani mai haɗa wuta a unguwa, ya kawo taransifoma mai rage wuta, mai jikin ƙarfe, irin wadda ake ajiyewa a bayan talabijin. Ya jawo mata wuta daga ɗakin famfo da ekstenshin, ya ɓalle ƙafar at ɗin fulogin saboda ta ƙi shiga soket, ya ajiye ta a ƙasa, taku biyu daga bakin ruwa. Kullum ruwan ban furanni yana fantsama mata. Ba a daɗe ba birekar gane yoyon wuta ta miliam 30 ta fara faɗuwa, duk ta faɗi kuma fitilun waje su mutu tare da ita. Alhaji mai gidan ya gaji, ya ce a yi maganin abin. Mutumin nan ya dawo ya cire ta gaba ɗaya, ya sa bireka ta yau da kullum, ya karɓi kuɗinsa.

Ranar Juma'a da yamma yaron ya gama fito da robot, ƙafarsa babu takalmi, jikinsa sharkaf, ya sunkuya ya ɗauki taransifomar don ya matsar da ita daga inda ruwa ya kwanta. Hannunsa ya manne. Mai gadi ne Allah ya sa ya hango shi, ya kuma yi hankalin da bai taɓa shi ba, ya ruga ya kashe wutar gidan daga babban makunni. Da ya je bayan gida a daidai lokacin nan, da gawa za a ɗauka.

Na tsaya a gaban allon wutar ina kallon ramin da birekar take a da, zuciyata na tafasa. Makonni ta yi tana faɗa musu cewa wuta na zuba a wani wuri, aka ɗauke ta mai damu, aka tsige ta.

Shi robot ɗin da ke cikin ruwa, wutar da ke isa gare shi ba ta kai bolt 30 ba, haka aka ƙera su. Haɗarin yana tsakanin bango da akwati. Shi ya sa littafin da ke zuwa cikin kwalin ya ce a ajiye akwatin nesa da bakin ruwa, aƙalla mita 3, wasu kamfanonin ma 3.5 suke rubutawa, kada a sa ekstenshin, kuma a jona shi a soket mai birekar yoyo. Wayar takan kai mita 18, to me ya kawo akwati bakin ruwa? Littafin gidan nan na same shi a ledarsa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Da Alhaji ya fito, maganarsa ta farko ita ce nawa gyaran zai ci, domin daga albashin yaron zai cire, tunda shi ya lalata masa inji. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, bari in buɗe shi a gabanka tukuna."

Kwandon tacewa ya toshe da laka har ta bushe a jikin ragar. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, sai an sa rariya mai ƙananan ido, kuma duk zagaye ɗaya sai an wanke ta da tiyo. Su kam rariyar ganye ce a ciki tun ranar da aka fito da shi daga kwali. Farfela ta naɗe da gashi da zaren leda. Belin ƙafafu ya saki, burushin ya yi fari ya fara marmashewa, alamar ya sha kilorin. Na tambaya, aka ce ai a ruwa yake kwana yake tashi, ko ranar da ake zuba kilorin mai yawa don kashe gansakuka ba a fito da shi. Injin da masu ƙera shi suka ce kada kilorin ya wuce ppm 4, pH kuma ya tsaya tsakanin 7.0 da 7.8! Wurin da waya ta shiga jikinsa ya tsage, don da waya ake ɗago shi sama, shi da ruwan da ke cikinsa. Waya ta jawo shi zuwa bakin kwami ce kawai, daga nan sai a kama mariƙinsa. Wannan na faɗa ya fi sau ɗari a gidaje, in dawo bayan wata in tarar ana yi.

Abin da ya kashe injin kuwa motar da ke cikinsa ce. Wannan mai haɗa wutar dai, da injin ya fara rage gudu, shi ya kwance akwatin motar da sukuddireba, ya leƙa, bai ga abin da ya gane ba, ya mayar ya shafe bakin da gam. Akwatin da aka rufe a masana'anta don kada ɗigo ya shiga! Na karkata shi ruwa mai tsatsa ya zubo a ƙafar Alhaji. Mai gadi ya ƙara da cewa a kan tayil ma mutumin ya kunna shi yana gwadawa, motar da ruwa ne ke sanyaya ta.

Na ce, "Alhaji, a duk abin nan laifin yaron nan ɗaya ne, ɗagawa da waya, shi ma don ba a nuna masa ba. Sauran kuɗinka ka biya aka yi maka."

Ku masu kwami a gida da masu otal, ku ji ni. Bireka ta faɗi, a nemo dalili, kada a cire ta. Kada a cire ta. A danna maɓallin gwajinta duk wata. Ban yarda da ekstenshin a bakin ruwa ba ko na minti biyar ne. Robot na ciki, mutum ba ya shiga, yaro ko babba. In za ka sayo daga waje, duba bolt ɗin kafin ka biya. Wanda ya iya ja maka wayar fanka ba shi ne mai buɗe motar da ke aiki a ƙarƙashin ruwa ba. Ya gama aiki a fito da shi, a ɗauraye, a ajiye a inuwa, a warware wayar. A zare fulogi kafin a juya wuta zuwa janareta. Robot masu batir kuma kada a yi musu caji da lema a bakin cajar, ko a tsakar rana.

Wanda ka ba aikin nan, ka zauna ka koya masa, ko ka kira wanda zai koya masa, ka saya masa takalmin roba. Shi ne yake tsayawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa kusa da wutar, kai kana ɗaki.

Na mayar da birekar a ranar, na gwada ta sau uku a gaban Alhaji, taransifomar kuma na tafi da ita. Ya yi shiru, daga baya ya ce ya fasa cire kuɗin, kuma zai biya na asibiti. Da yamma na bi ta wurin yaron. Tafin hannunsa na dama a naɗe, yatsu biyu ba ya iya lanƙwasa su, likita ya ce za a riƙe shi a ga yadda bugun zuciyarsa zai kasance. Ina zama ya yunƙura ya ce, "Oga, injin zai gyaru kuwa? An ce albashina na shekara ba zai saye shi ba."