Filin Kimiyya: Ina Ƙarfin Ƙafarmu Yake Zuwa a Keke Mai Shokozoba?

Darasinmu na wannan fitowa a kan keken hawa duwatsu ne, mai kaurin tayar nan da ake ƙerawa don hanyar gargada. Wasan ya samo asali a shekarun 1970 a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka, inda matasa irin su Gary Fisher da Joe Breeze suke gangarowa daga tsauni a kan tsofaffin kekuna. A 1996 aka shigar da shi gasar Olamfik a Atlanta.

Da yawa daga cikin kekunan nan suna da shokozoba a baya, kamar babur. Tayar baya tana maƙale da wani hannun ƙarfe mai juyawa a kan gaɓa, don ta riƙa hawa da sauka idan ta ci karo da dutse. Amfanin haka a fili yake: tayar ba ta rabuwa da ƙasa, mahayi kuma ba ya jigata.

To amma akwai matsala. Duk lokacin da muka taka feda, keke yana zabura gaba, nauyin jikinmu kuma ya koma baya, kamar yadda fasinja ke jingina idan mota ta tashi. Sai bayan keken ya durƙusa, ya miƙe, ya sake durƙusawa. Man da ke cikin shokozoba yana mayar da wannan motsi zafi. Ke nan wani ɓangare na ƙarfinmu ya tafi a banza, bai kai mu ko'ina ba.

Dabarar maƙera ita ce su sa sarƙa ta yi maganin abin. Idan gaɓar tana sama da layin sarƙa, jan da sarƙar ke yi yana tura tayar ƙasa, ya hana bayan keken durƙusawa. Idan ƙarfin biyu suka yi daidai, sai a ce hana durƙuso ya kai kashi 100 cikin 100. Idan ya gaza, keke ya yi ta lilo. Idan ya zarce, sarƙa takan fizgo feda baya duk lokacin da taya ta hau dutse, ƙafa ta ji bugun. Canza giya ma yana sauya lissafin, domin layin sarƙar yana karkacewa.

Manyan tsare-tsaren da ake amfani da su uku ne.

Na farko, mai gaɓa ɗaya. Shi ne mafi sauƙin ƙira da gyara, kuma kamfanin Orange na Ingila ya shahara da shi. Rauninsa shi ne wuri ɗaya maƙeri zai zaɓa ya kafa gaɓar, duk halin keken ya rataya a kansa.

Na biyu, tsarin Horst, mai ɗauke da sunan Horst Leitner da ya ƙirƙiro shi. An ƙara gaɓa dab da tsakiyar tayar baya, don haka kama birki ba ya sandarar da shokozoba sosai. Kamfanin Specialized ya daɗe yana aiki da shi.

Na uku, mai gajerun mahaɗai biyu, kamar VPP na kamfanin Santa Cruz da DW-link na Dave Weagle. A nan wurin juyawar ba a tsaye yake ba, yana matsawa yayin da taya ke hawa. Wannan ya ba maƙeri damar ƙarfafa hana durƙuso a inda ake yawan taka feda, ya sassauta shi idan shokozoba ya nutse sosai. Sai dai yawan gaɓoɓi yana jawo yawan gyara da tsada.

Babu tsarin da ya haɗa komai. Abin da aka samu wajen gudu, akan biya shi da taushi.

Wannan ya shafi aljihunmu. Kekuna masu arha da muke gani a kasuwa da sifirin a tsakiya galibi ba su da man da ke kwantar da motsi, ga nauyi. A kan kwalta ko shimfiɗaɗɗiyar hanyar zuwa makaranta, keke marar shokozobar baya ya fi su sauƙin tuƙi. Wanda kuma ya samu na ƙwarai, ya daidaita shi yadda idan ya zauna zai nutse kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon motsinsa.

Ga aikin gida: a samu keke mai shokozoba, mutum ɗaya ya hau tudu da shi, wani ya tsaya a gefe yana lura da bayansa, a ƙaramar giya sannan a babba. A rubuto abin da aka gani a miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa amsar da ta fi kyau a fitowa ta gaba.