Amsar Tambaya: Wane Wilin Gaba Zan Sa Wa Kekena?

Tambaya: Zan shiga gasar Ironman ta Gqeberha, a Afirka ta Kudu. Nauyina kilo 62. In sayi wilin gaba mai zurfin milimita 80 ko 60?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗauki na 60, ko ma 50. Wili mai zurfi yana yanka iska, gaskiya ne, amma na gaba shi ke haɗe da kan keke. Duk iskar da ta bugo ta gefe, hannunka za ta fizga, alhali gwiwar hannunka na kan sandunan jingina na tsere, yatsunka nesa da birki. Gqeberha gari ne mai iska, kilomita 180 na tseren keken kuwa ba wasa ba ne. Da zarar tsoro ya sa ka miƙe zaune, ka zubar da duk ribar da wilin ya ba ka. Ko a gasar Ironman ta Kona a Hawaii an hana wilin baya rufaffe saboda iska.

Zurfin 80 a wilin baya ya fi dacewa. Taya kuma milimita 25 ko 28, kada ta fi bakin wilin faɗi. Kafin gasar, ka gwada wilin gaban ranar da ake iska, ka ji yadda kan keke ke rawa idan tirela ta wuce ka.