Ɗan Aike Ya Yi Haɗari: Wa Zai Biya Diyya?

Tambaya: Ƙanena yana kai wa wani kamfani saƙonni a babur tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ya kaɗe wata mai sayar da kifi, ta samu karaya. Kamfanin ya zame, wai ɗan kwangila ne, ba ma'aikacinsu ba. Haka doka ta ce? Daga wani mai karatu a Argungu.

Amsa: Malam, Allah Ya ba ta lafiya, Ya kiyaye gaba. Idan gangancin ƙanenka ne ya jawo haɗarin, shi doka za ta fara kamawa. Amma a dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, ubangida ma yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Ɗan kwangila mai cin gashin kansa kuwa, galibi shi kaɗai ke ɗaukar nauyinsa. Shi ya sa kamfanoni ke son laƙaba wa 'yan aike wannan suna.

Sai dai kotu ba ta tsayawa kan sunan da aka rubuta a takarda. A shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, Kotun Ƙolin Najeriya ta jero abubuwan dubawa: albashi ake biya ko la'ada? Wa ya sayi kayan aiki? An ƙayyade masa lokacin aiki? Yana iya tura wani a madadinsa? Idan babur na kamfani ne, su ke tsara masa hanya da farashi, su ke hukunta shi in ya ƙi aike, da wuya su wanke hannunsu. Iko irin wannan ne ya sa Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce direbobin Uber ma'aikata ne a 2021. A Legas kuwa, Kotun Ma'aikata ta kori irin wannan ƙara a 2018 saboda ƙarancin hujja.

Don haka ku adana saƙonnin waya, takardun babur, rigar aiki da shaidar biyan kuɗi. Ku duba inshorar babur, wadda doka ta wajabta domin kare wanda aka kaɗe. Matar tana iya haɗa ƙanenka da kamfanin a ƙara ɗaya a Babbar Kotun Jiha da ke Birnin Kebbi. Kada ƙanenka ya sa hannu kan wata takardar sulhu sai lauya ya karanta ta.