Rana Kyauta Ce, Kayan Kama Ta Ne Ke Da Tsada

Sana'ata haɗa sola ce a gidaje da shaguna a birnin Kano, don haka yawancin wunina a kan rufin kwano nake yin sa. Idan na tsaya can sama a watan Afrilu, rufin gidaje nake gani iya ganina, rana na gasa su a banza. A ƙasa kuma ƙarar janareta da hayaƙinsa ke tashi daga kowane lungu.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta kira ni gidanta. Firiza biyu gare ta. Ta ɗauko wani ɗan littafi da take rubuta kuɗin fetur na kullum tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Muka zauna a zaure da ɗanta, muka buga lissafi, muka ga abin da janareta ke lamushewa cikin 'yan shekaru ya isa ya sayi faranti da inbata da batir. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, lissafi ya fita. Amma ina zan samo kuɗin a dunƙule?" Na tattara kayan awona na fito. Kafin in kai bakin titi na ji an tayar da janareta.

Mutanenmu sun riga sun san amfanin sola, sun gani a gidan maƙwabci. A irin ranarmu, faranti ɗaya mai wat 550 yana ba da yunit biyu da ɗoriya a wuni, kuma mai kyau yana kaiwa shekara 25 yana aiki. Kuɗin farko ne ke kayar da mutane. Mai hali ya saya ya huta, marar hali ya ci gaba da zuwa gidan mai da galan kullum. Ka ga wanda ya fi rashi shi ke biyan wuta mafi tsada.

Ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni, tsari ne ya kai su. Jamus, wadda ba ta kama ƙafarmu ba wajen rana, ta yi doka a 2000 da ta tilasta a sayi wutar da mai gida ya samar a rufinsa, a kan tsayayyen farashi, har shekara 20. Afirka ta Kudu a 2023 ta yi wa masu gidaje rangwamen haraji na kashi 25 cikin 100 na kuɗin faranti, har zuwa rand 15,000. Indiya a watan Fabrairun 2024 ta ƙaddamar da shirin sa wa gidaje miliyan 10 sola, gwamnati na biyan wani kaso na kuɗin.

Mu ma ba baƙi ba ne. Jami'ar Bayero ta samu tasharta ta sola a 2019, an kuma buɗe ta Kumbotso mai megawat 10 a farkon 2023. Amma waɗannan manyan ayyuka ne, rufin talaka bai shiga lissafi ba. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, saboda haka yanzu ba sai an jira Abuja ba.

Abin da na fi roƙo shi ne biya kaɗan-kaɗan. Da yawa daga masu kirana ba sa son bashi mai ruwa, kuma muna da bankuna irin su Jaiz da TAJ da ke iya sayen kaya su sayar wa mutum da riba sananniya. Idan gwamnatin jiha ta tsaya a matsayin lamuni, mai ƙanƙara za ta riƙa biyan kuɗin sola duk wata da kuɗin da a da take ƙonawa a fetur.

Sai mita mai ƙirga shiga da fita. Da tsakar rana batir yakan cika, sauran wutar ta tafi a banza. Tun da aka kai kuɗin wutar layukan rukunin A naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, mazauna waɗannan layuka suka fi kowa neman sola. Da za a bar su su tura rarar wutarsu kan layi a rage musu bil, ba sai sun tara batura masu tsada ba. Amma wannan sai inda layi ke da wuta da rana, don layin da ya mutu ba ya karɓar komai.

A sauƙaƙa haraji kan batir da inbata, a kuma rage wa mai gidan haya kuɗin ƙasa idan ya sa wa 'yan hayarsa sola. Sannan a tsare inganci. Na taɓa hawa wani rufi na tarar an ja wuta da siririyar waya, robar ta narke ta manne da kwano, saura ƙiris gobara ta tashi. Tallafin da ba a haɗa shi da binciken kaya da horar da matasa ba, jabu zai cika wa mutane gida.

Ɗan'uwa, kafin ka saya, a ƙirga maka nauyin kayan wutarka tukuna. In ka sa, ka riƙa wanke ƙurar hunturu da sassafe kafin faranti ya yi zafi. In ɗan majalisar jiharka ya zo unguwa, ka tambaye shi ina aka kwana kan tallafin sola. Allah Ya riga Ya ba mu rana, saura shugabanni su sauƙaƙa wa talaka hanyar cin moriyarta.