Masu Kwana A Waje Da Haƙƙin Unguwa

Wanda ya bi ta bakin Kantin Kwari ko tashar Unguwa Uku da ƙarfe ukun dare a watan Janairu, zai ga wata Kano daban. Jaura na kaɗawa, shaguna a kulle, ga mutane jere a baranda. Wani ya shimfiɗa kwali ya yi matashi da takalmansa don gudun ɓarawo, wani ya zura ƙafafu cikin buhu, wasu sun kewaye murhun mai shayi suna jin ɗumin sauran garwashi. Kafin assalatu duk sun watse, kada mai shago ya tarar da su.

Jama'a kan yi musu kuɗin goro a ce duk mabarata ne. Ba haka ba ne. Akwai 'yan ci-rani da ke shigowa bayan kaka daga ƙauyuka, har daga Damagaram da Maraɗi, suna dako ko ga-ruwa. Suna samun na abinci, amma mai gidan haya kuɗin shekara yake nema a dunƙule, wani ma ya ce ba ya ba gwauro ɗaki. Akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu tun 2009, da waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Zamfara da Katsina. Akwai almajiran da soron malaminsu ya yi wa kaɗan, da matan da aure ya mutu babu inda za su koma, da masu taɓin hankali.

A da, ƙasar Hausa tana da tsarin saukar baƙo. Gidan duk wani mai rufin asiri da zaurensa, inda matafiyi zai kwana a miƙo masa tuwo. Fatake na da fatomansu, har a zangon Kumasi. Gidajen zamani kuwa sai katanga da get, inda zaure yake an mai da shi shago.

Hukuma ta gwada kora. An hana bara a titunan Kano a 2013, aka sabunta hanin a 2020, kuma a shekarar ne gwamnonin Arewa suka riƙa mai da almajirai jihohinsu saboda korona. Amma wanda aka tasa daga wannan baranda, wata zai nema. Ƙasar Finlan ta bi wata hanya tun 2008: a fara ba mutum ɗaki nasa, sannan a nema masa magani da aiki. Marasa muhallinta, waɗanda suka kai kusan 18,000 a 1987, sun koma ƙasa da 4,000 a 2022.

Unguwa ba ta da kuɗin Finlan, amma akwai abin da ke hannunta.

Na farko, a san su. Mai unguwa da liman da matasa biyu su zaga da dare, su yi sallama, su tambayi kowa sunansa da garinsu da abin da ya fito da shi, a rubuta. Wannan rajista ita ce za ta kwantar da hankalin masu tsoron a saukar musu da ɓata-gari.

Na biyu, ɗaki. Kusan kowace unguwa tana da kango ko gidan gado da ke rufe. A nemi izinin masu shi, a yi rufi, a haƙa makewayi, a ware wa mata wurinsu. Ɗan ci-rani mai sana'a ya biya ɗan abin da zai iya duk mako, domin da yawansu ba sadaka suke nema ba.

Na uku, kuɗi. Miskini da matafiyin da guzuri ya yanke wa suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka. A Madina ma an keɓe rumfa a masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, domin Ahlus Suffa, sahabban da ba su da gida, cikinsu har da Abu Huraira. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma attajiri na iya yin waƙafin gida a rubuce, don kada magada su tayar da maganar daga baya.

Mai taɓin hankali kuwa asibitin Dawanau za a kai shi, a nemo danginsa.

Lokacin fara wannan aiki shi ne watan Oktoba, da ɗaukewar ruwa. A lokacin 'yan ci-rani ba su gama shigowa ba, kuma bargon gwanjo bai yi tsada a Kofar Wambai ba tukuna.